Mu huɗu muka haɗa jari za mu kafa injin casa a Kura, wa zai ja ragama?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta saƙon naka har sau biyu. In na fahimce ka daidai ku huɗu ne, Yayanka da ke aiki a Abuja ya zuba miliyan 6, kai miliyan 3, abokinka da kuka taso unguwa ɗaya miliyan 1, sai na huɗun wanda ba shi da ko kwabo a ciki amma ya yi shekara bakwai yana aiki a injin wani mutum, shi ya san shinkafa. Kuna so ku kafa ƙaramin injin casar shinkafa a Kura, kuma tambayarka ita ce wa ya kamata ya zama shugaba, sannan yaya za ku riƙa magana tsakaninku tunda ba gari ɗaya kuke ba. A ƙarshe ka ce “mu dai duk mun yarda da juna, babu matsala.” Toh wannan layin na ƙarshe shi ne ya sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubuta maka, don na daɗe ina riƙe wa masu ƙananan injina littafin lissafi, kuma ban taɓa ganin waɗanda suka fara haɗaka ba su yarda da juna ba. Kowa da yarda yake farawa. Abin da ke kashe irin wannan harka a wajenmu kunya ce da kara, ba sata ba.

Bari mu fara da shugaban. Kalmar ce ma ke ruɗa ku, don abu biyu ne kuka cusa a buhu ɗaya. Akwai mai dukiya, akwai mai gudanar da aiki. Yaya shi ne babba, shi ya fi kowa kuɗi a ciki, ba wanda zai iya buɗe baki ya ce ba shi ne shugaba ba, kuma ni ma ban ce a hana shi ba. Ku ba shi shugabancin masu jari, shi zai kira zama, shi zai jagoranta, in an zo babbar magana kamar ƙara inji ko cin bashi ko shigo da wani sabon mutum muryarsa ta fi nauyi daidai da jarinsa. Amma mutumin da ke Abuja ba zai iya yanke hukuncin ko a sayi wannan shansherar, wato shinkafar da ba a casa ba, da aka sauke yanzu a bakin titi ba, kafin ya fito daga mitin ya ɗauki waya wani ya riga ya loda ta a mota. Wannan aikin manaja ne, kuma manaja mutum ɗaya ne tal, wanda yake kwana ya tashi a wurin. A cikinku na huɗun nan ne, wanda ba shi da kuɗi. Na san abin zai yi wa wasu nauyi, wai yaron da bai sa sisi ba shi zai riƙa cewa a yi a bari. Eh shi ɗin. In ba za ku iya sakar masa ba gara tun yanzu ku fasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sakar masa kuma ba ya nufin ku miƙa masa komai ku juya baya. Iyaka za ku yi masa a rubuce, da lamba. Misali duk kashe kuɗin da bai wuce dubu 200 ba, na gas ko bel ko sallamar leburori, ya yi kawai ya rubuta. Daga nan zuwa miliyan 1 sai ya kira mutum ɗaya da kuka ware, ba duka ukun ba, mutum ɗaya, kuma in ya kira sau biyu cikin awa guda ba a ɗauka ba yana da izinin ci gaba. Abin da ya haura haka sai an zauna. Lambobin nan misali ne kawai, ku gyara daidai ƙarfinku, amma dai a sami lamba. “Ka yi abin da ya dace” ba umarni ba ne, tarko ne, ranar da aka yi riba kowa zai ce ai mu muka ce ya yi, ranar da aka faɗi a ce wa ya aike shi.

Sai kuɗi. Wanda ke kashewa kar ya zama shi ke rubuta lissafi, wanda ke rubuta lissafi kar ya zama shi ke riƙe da mukullin sito. Kai ka ce kana ɗan taɓa kwamfuta, toh kai ne akanta. Abokinka mai miliyan 1 in yana kusa shi ya riƙa ƙirga sito. Kuma ku faɗa wa manajan ƙarara tun ranar farko cewa ba zarginsa ake ba, kariya ce gare shi, don wlh mutumin da aka bar wa kuɗi da kaya da littafi duk a hannunsa ko waliyyi ne sai an zarge shi wata rana, kuma ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Ku buɗe asusu da sunan kasuwancin, sa hannun mutum biyu, alat ya riƙa shiga wayar kowa. Kar a taɓa cewa kwastoma ya tura kuɗi asusun wani a cikinku “kafin a daidaita”, wannan kafin a daidaitan yana iya kai shekara biyu, kuma a ciki kuɗin cefane da na shinkafa za su cakuɗe har mai asusun ma ya kasa rabewa.

Asusun kuwa ba zai buɗu ba sai da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Nan akwai zaɓi. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha da sauri, amma a idon doka ku ne kasuwancin, in bashi ya hau ana iya biyo ku har kan abin da kuka mallaka. Kamfani limitad kuwa shi kansa mutum ne a doka, kuma hannun jarin kowa yana rubuce a takarda, kashi 60, kashi 30, kashi 10, ba sai an tsaya ana tuna wa ya ce me ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni sosai, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa dubu 100 ne. A naku yanayin ni limitad zan zaɓa, sai dai ku sani duk shekara akwai bayanin da ake shigar wa CAC, mutane suna mantawa har tara ta taru. In kuma za ku riƙa zuba shinkafa a buhu mai sunanku kuna kaiwa kanti, akwai NAFDAC a gaba, amma wannan ba maganar watan farko ba ce.

Yanzu ga inda nake so in ɗan daɗe, hakkin na huɗun. A saƙonka ka ce “za mu riƙa ba shi wani abu in an samu.” Wani abu nawa? In an samu yaushe? Wa zai ce an samu? Kaga nan ne ɓarakar za ta fara. Mutum yana tashi da asuba yana shaƙar ƙurar buntu har magariba, yana da iyali, ku kuna da albashinku a wani wuri, shi wannan ce kaɗai hanyarsa. In ba ku yanka masa abu bayyananne ba ɗayan biyu zai faru, ko ya gaji ya tafi a tsakiyar kaka lokacin da kuka fi bukatarsa, ko ya fara biyan kansa da kansa ta hanyar dusa da gutsuren da ba wanda ke ƙirgawa, kuma a zuciyarsa bai ɗauke shi sata ba. Ku yanka masa albashi duk wata, ko an ci riba ko ba a ci ba, sannan ku ƙara masa wani kaso na riba a ƙarshen shekara in kuna so ya riƙe abin kamar nasa. Ƙa'idojin riba da hasara ma ai addini ya riga ya shimfiɗa su. Hasara jari take bi, mai kashi 60 shi zai ɗauki kashi 60 na faɗuwa, wanda ya sa ƙarfinsa kawai ba a ɗora masa biyan hasara sai in an tabbatar sakaci ya yi ko ya tsallake iyakar da aka yi masa. Kuma ba a yanka wa mai jari tsayayyar riba, a ce Yaya dubu 150 zai riƙa karɓa duk wata ko me ya faru, wannan ya tashi daga haɗaka ya koma wani abu daban. Ku sami malamin da ya san babin ciniki da ƙiradi, wato haɗakar mai jari da mai aiki, ku karanta masa yarjejeniyar kafin kowa ya sa hannu, zama ɗaya ya isa. In wani ya ce rubutu tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne, ku tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka kira a farkonta ba baƙi ba.

A cikin takardar nan dai ku sa abubuwan da ba a son faɗa. In ɗaya yana son fita, wata nawa zai ba da sanarwa, yaya za a yi wa kasonsa kuɗi, kuma sauran ukun ne ke da hakkin fara saye. In ɗaya ya rasu, Allah ya sa mu cika da imani, magada za su shigo ne ko za a fitar musu da kasonsu, kuma cikin wane lokaci, don ba a tashi da injin da ke aiki a raba shi gida takwas. In aka sami saɓani wane dattijo ne duk kun yarda ya shiga tsakani, ku faɗi sunansa yanzu da kuke dariya, ku je ku gaya masa. Ranar rigima duk wanda ɗaya ya kawo ɗayan zai ce na ɓangarensa ne. Tun ran gini tun ran zane.

Toh maganar sadarwa. Na san kun riga kun buɗe guruf a WhatsApp, kuma na san me ke ciki, barka da Juma'a, bidiyon wa'azi, labarin siyasa, sai can tsakiya wani saƙon murya na minti bakwai wanda a minti na biyar aka ce a sayi buhu ɗari. Ku bar wannan guruf ɗin don zumunci, ku buɗe wani daban wanda ba a saka komai sai aiki. Saƙon murya ba laifi ba ne, mutanenmu da yawa sun fi sakewa da baki, amma ba a iya bincika shi, bayan wata huɗu ba wanda zai zauna ya saurari saƙo ɗari uku yana neman inda aka ce kaza. Don haka duk shawarar da aka yanke, ta waya ce ko a zaure, kai akanta ka rubuta ta layi biyu, me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, kowa ya amsa da “na gani”. Abin da ba a rubuta ba hira ce.

Kullum da yamma manaja ya turo abu biyar kawai, kilo nawa na shanshera ya shiga inji, kilo nawa na shinkafa ya fito, me aka sayar, me aka kashe, bashin wa ya ƙaru. Ko a takarda ya rubuta ya ɗauki hoto ya isa. Ka lura kilo na ce ba buhu ba. Buhu ba ma'auni ba ne, wani an danna an yi masa hula wani sakwa-sakwa, ku sayi sikeli tun kafin ku sayi kujerar ofis. Dalilin lambobin nan biyu na farko shi ne su ne za su gaya muku lafiyar injin ba tare da kowa ya yi rantsuwa ba. Kilo 100 na busasshiyar shanshera mai kyau, irin sipi ce ko irin jamila, yakan ba da wajen kilo 60 zuwa 65 na shinkafa, kusan kilo 20 buntu ne, saura dusa da ƙananan gutsure. In kuka ga sati guda ana samun 55, akwai magana, ko dai robar injin ta cinye tana farfasa ƙwaya, ko an sayo kaya mai ƙasa da tsakuwa, ko mai danshi. Danshin nan ma shi ne babban ɓarawon da ba a gani. Shansherar da aka yanko tana da ruwa kashi 22, kafin ta bushe ta dawo 14 da ake so a casa, kowane kilo 100 ya koma kusan 91. Wato ka biya kuɗin kilo tara na ruwa. Akwai 'yar na'urar gwada danshi da ake sokawa a buhu, ku saya, tsofaffin hannu suna gane wa da haƙori amma haƙori ba ya shiga littafi.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, shi ya sa nake ta nanata kunya. Wani inji da nake duba musu lissafi, manajan yaro ne mai gaskiya, ƙanin matar mai jarin ne ma. A kakar wata shekara ya ga kaya da araha ya saya da yawa, bai gama bushewa ba, filin shanya ya cika, sai ya jibge a sito ya ce gobe. Gobe ta zama kwana tara. Ranar da na je ƙirga ina buɗe ƙofa wani ɗumi ya bugo ni da wari kamar na tsohuwar gasara, na zura hannu tsakanin buhuna biyu na ƙasa na ji zafi kamar an ɗora a murhu, da muka farke ɗaya ƙwayar ta yi rawaya wata ta fara baƙi. Buhu arba'in da wani abu. Na ce masa tun yaushe ka sani? Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa ya ce tun kwana na uku, amma Alhaji ya yabe shi a gaban mutane kan arahar da ya samo, ina zai iya buɗe baki. Da ya faɗa a kwana na uku hayar fili da leda za a yi a shanya, shikenan. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. Daga ranar na fara sa wa duk waɗanda nake aiki da su doka ɗaya, mummunan labari cikin awa 24, kuma wanda ya kawo shi da wuri ba a yi masa faɗa a ranar, gyara ake fara yi. Wannan dokar ba a kan manaja take ba, a kan Yaya take. In ranar farko da aka gaya masa inji ya lalace ya hau faɗa a waya, toh ya sayi shiru na har abada, daga nan kullum “Alhamdulillahi komai lafiya” zai riƙa ji har ranar da za a rufe wurin.

Wani abu kuma da za ka gaya wa Yaya cikin ladabi, ko ka sa wani babba ya gaya masa. In ya zo hutu ya shigo injin, ya gaisa da ma'aikata, ya yi musu alheri in ya so, amma kar ya ba ofareta umarni, kar ya rage wa wani farashi don sun yi makaranta tare, kar ya ce a ba wane bashi shi ya tsaya masa. Abin da ya gani bai yi masa ba ya ja manaja gefe. Ma'aikata suna da wayo, suna gane cewa akwai ƙofa biyu za su riƙa bi ta wadda ta fi sauƙi, kuma daga ranar manajanku ya zama hoto. Haka buhun da za a ce “a kai gida”, ko na azumi ko na biki, ba a hana ba, amma a rubuta shi da sunan wanda ya ɗauka a cire a kasonsa. Bashi ma mutum ɗaya ne zai riƙa amincewa, da iyakar kuɗi da ta kwanaki, don 'yan kasuwa za su karɓi kayanka da fara'a su juya kuɗinka sau uku kafin ka gan shi.

Zama na ido da ido sau ɗaya a wata, ranar da aka sani, misali Asabar ɗin farko, a cikin injin ba a falon kowa ba, a ƙirga sito tare kafin a zauna. In Yaya bai samu zuwa ba a kira shi ta bidiyo a zagaya da shi. Kuma a zaman a fara jin ta bakin ƙarami kafin babba, don in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa sauran “haka ne” kawai za su ce.

Ba ka tambaye ni wannan ba amma sai na faɗa. Kar ku zuba miliyan goman nan duka a ƙarfe da gini. Na ga waɗanda suka kafa inji mai kyau, fenti da allo, ranar buɗewa babu kuɗin sayen shanshera buhu ashirin. Ku fara da yi wa mutane casa suna biya, a Kura da Garun Malam da Bunkure ga manoma ga mata masu turara, ruwan Tiga ya sa ana noma rani da damina, aikin ba ya yankewa sosai. Wata uku zuwa shida a haka za ku san injinku, ku san gas nawa yake sha, ku san halin junanku, sannan ku fara saye kuna ajiyewa. Ajiyar ce ke da riba kuma ita ce ke da haɗari, don farashin shinkafa ba a hannunku yake ba. Da aka rufe boda a Agustan 2019 kowa ya ruga harkar, da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024 farashi ya juyo ƙasa, waɗanda suka cika sito da tsada suka ji a jikinsu. Shi ya sa shawarar “mu saya mu ajiye” ba ta manaja shi kaɗai ba ce, ta ku huɗu ce, a rubuce, da adadin da ba za a wuce ba.

Abu ɗaya da ban gani a saƙonka ba shi ne wurin, naku ne ko haya, kuma da wuta za ku yi aiki ko da gas. In haya ne takardar ta fito da sunan kamfani ba sunan ɗayanku ba, kuma kar ta gaza shekara uku, don kafa inji da siminti ne, ba a ɗaga shi kamar teburin mai shayi. Ka turo min wannan, da abin da na huɗun yake samu a wata a inda yake aiki yanzu, sai mu lissafa albashin da za ku fara masa da shi.